Waya ko kyamara don ɗaukar hoto a kan Vatnajökull, babban filin ƙanƙara a ƙasar Iceland?

Waya ba nauyi, hannu ɗaya ya ishe ta, ɗayan na riƙe da gatarin ƙanƙara. Sanyi ne maƙiyinta: batiri kan mutu farat ɗaya, sai an ɓoye ta a aljihun ƙirji.

Kyamara ta fi fito da shuɗin ƙanƙara, musamman cikin kogo inda haske ya yi ƙaranci. Sai dai a waje farin ƙanƙarar yana ruɗin ma'aunin haskenta, hoto ya fito toka-toka. A ƙara haske mataki 1 zuwa 2. A riƙe batiri biyu. Kafin shiga ɗaki mai ɗumi, a ƙulle ta cikin leda kada raɓa ta kwanta a gilashin.

In jagora mai sauri ne, waya ta fi. Ba zai tsayar da ayari don mutum ɗaya ba.