Gyaran makewayin Inna a Birni: ginin ya yi, ƙarfen bango ya kusa karya ta

Tun da aka gyara wa Inna makewayi mata suke tsare ni a wurin biki da suna, kowace tana son jin wane magini ya yi aikin, da kuma ko ta kira shi ya yi wa tata tsohuwar. A farko da bakina na yi ta tallarsa. Yanzu in an tambaye ni sai na nisa kafin in amsa.

Inna ta haura saba'in, gwiwoyinta sun daɗe da ƙin tsugunno. Gidanmu na gado ne a unguwar Birni ta Damagaram, ginin ƙasa, makewayin yana can ƙuryar gida babu rufi, salanga ce irin ta kowa. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne da muka gane ta rage shan ruwa da gangan, a tsakiyar bazarar Damagaram da zafi ke wuce digiri 40, don kawai kada ta yawaita zagayawa ana riƙe ta. Macen da ta raine mu, jikarta ce ke kama mata hannu har bakin rami. Ba ta taɓa furtawa ba, amma kunyar tana cin ta.

Yaya daga Yamai ya aiko da kuɗi, ya ce a sa mata masai na zama irin na Turawa mai tankin ruwa. A nan maginin ya fara burge ni, domin ƙi ya yi. Ya ce kowane ja ɗaya yana tafiya da lita 6 zuwa 9, mu kuwa garin da pampo ke kawo ruwa tsakar dare in ya ga dama, bido mai lita 25 da za a saya wurin ƴan garuwa ja uku ko huɗu ne ya ƙare. Sabon rami ma ya ce kada mu soma, ƙasan Birni dutse ne, kuɗin haƙa kaɗai ya cinye abin da Yaya ya aiko. Sai ya gina mazauni na siminti bisa bakin tsohon ramin, tsawon santimita 45, ya ɗora masa abin zama mai murfi, ya fitar da tiyo sama da katanga don wari. Kafin ya aza bulo ɗaya sai da ya zaunar da Inna a kujera ya duba ko tafin ƙafarta na taka ƙasa sosai. Ya yi ɗan dakali a hannun dama na ajiye buta, da wani babba na wanka da alwala. Ƙasan bai sa karo mai sheƙi ba duk da ƙanwata ta nace, siminti ya shafe ya bi shi da tsintsiya tun yana ɗanye, ya karkata shi zuwa rariya, ya sare dokin ƙofar da take tuntuɓe da shi. Wallahi ranar da Inna ta shiga ita kaɗai ta fito da butarta, ta ce mini "ƴar nan, Allah ya yi muku albarka," kuka na yi.

To sai maganar ƙarfen riƙewa. Maginin ne ya kawo mai waldarsa, suka lanƙwasa tiyo, suka huda bango wuri biyu suka cusa ƙafafunsa, aka toshe da siminti. Ina tsaye na ce, Malam, bangon nan fa ƙasa ce, shafen siminti ne kawai a fuskarsa. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ko sa kika ɗaure a nan ba zai cire shi ba." Mutumin da ya shekara yana gini a unguwar nan, ya fi ni sanin abin da ke bayan shafen.

Damina ta sauka, ruwan Agusta ya jiƙa katangar har ciki. Da asuba Inna ta zagaya, ta kama ƙarfen za ta miƙe, gefe ɗaya ya fizgo da curin ƙasa a jikinsa. Duk nauyinta yana kansa. Ta faɗi a gicciye, ƙugunta ya bugi gefen dakalin wankan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙofar: sabuwar ƙofar ƙarfe ce da shi ya kafa, ciki take buɗewa, sakatarta ma a ciki. Inna tana kwance a bayan ƙofar tana salati, yarinyar da ke kwana da ita tana waje tana turawa, in ta tura jikin kakarta take dannewa. Sai da ta jawo turmi ta taka ta haura katanga. Da makewayin yana da rufi, ban san yadda za a yi ba sai dai a tara mazan maƙwabta su ɓalle ƙofa a kan tsohuwa ba sutura, abin da muka kashe kuɗin nan don kada ya taɓa faruwa. Lokacin da na iso daga Sabon Gari an kwantar da ita a tabarma, zanenta duk laka, tana ba ni haƙuri wai ta tashe ni da sassafe. Maƙwabta suka ce a kira mai ɗori, na ce sai an yi hoto tukuna, domin karayar ƙugu ga tsoho ita ce ke kwantar da mutum ya ƙi tashi har abada. Allah ya tsare, ba karaya, buguwa ce da kumburi. Amma ta yi ta sallah a zaune, kuma tsoro ya dawo mata sabo. Ta koma rage ruwa, ta koma jiran a riƙe ta.

Na kira maginin bai ɗauka ba. Da ya zo daga baya, ya leƙa ramin da ƙarfen ya bari ya ce ƙaddara ce, damina ce ta yi ƙarfi bana, in an ba shi kuɗin siminti zai mayar. A mayar a ina? A cikin ƙasar da ta saki? Ƙaddara mun yi imani da ita, amma ni na tambaye shi da bakina tun kafin a huda bangon.

Daga nan sauran abubuwan da na yi ta haɗiyewa suka taso. Ƙarfen nan baƙi ne ko fenti babu, cikin rana yake, da azahar ba ya taɓuwa, Inna da gefen mayafinta take kama shi, wanda shi ma santsi ne. Tun ruwan farko ya fara tsatsa yana ɓata mata hannu. Na ce a sa haske, ya ja waya ya rataya ampul, maɓallin kuwa yana can ciki sama da kanta, wato sai ta shiga cikin duhu ta lalubo shi, in ma akwai kuran ɗin. Murfin robar da ya ce mai kyau ne ya saya, rana ta tsattsage shi. Kuɗin aikinsa kuma kun san ba na mai rangwame ba ne, a kan yabon da ake masa muka yarda ba ciniki.

Wani mai walda daban ya gyara. Bai taɓa bango ba. Ya haƙa a gefen da ba bisa ramin ba, ya dasa ƙafafu biyu cikin kankare, tiyo mai farin shafi da ba ya tsatsa, kaurin da hannun Inna ke iya zagayewa, tsawo kamar santimita 85 daga ƙasa, ɗaya wajen mazauni ɗaya wajen wanka. Ya naɗe wurin kamawa da robar taya saboda zafi. Ya juya ƙofar tana buɗewa waje, ya sa sakatar da ake iya zarewa ta waje. Da kankaren ya bushe, a gabana ya rataya da duk ƙarfinsa ya girgiza. Muka ɗora zana ta yi inuwa, muka sayo fitila mai cajin rana a Kasuwar Dole aka kafa ta tun daga bakin ɗakinta.

Mazaunin da dakalin da ƙasan suna nan daram, ba zan tauye wa maginin wannan ba, har gobe ban ga wanda ya fi shi fahimtar matsalar ruwanmu ba. In za ku kira shi, ku tsayar da shi a siminti, kada ku bar shi ya kusanci ƙarfe ko ƙofa. Ni dai ba na jin zan sake. Yana wucewa ta ƙofar gidan kullum zuwa wurin aikinsa, har yau bai shigo ya ce wa Inna sannu da jiki ba. Cikon kuɗinsa yana hannuna, kuma ba zan aika masa ba sai ya zo ya karɓa a gabanta.