Wasiƙa Daga Modena: Tayil Ɗin Da Ya Dace Da Banɗakin Inna

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida a Birnin Kebbi. Saƙonka ya iso cewa za a fasa daɓen banɗakin Inna a sa tayil, kana tambaya ko a sayo a nan Italiya a turo, tun da a nan ake yin sa. Shawarata ita ce kada mu yi haka. Kwali ɗaya na tayil mai santimita 60 da 60, guda huɗu ke ciki, nauyinsa kuwa ya kusa kilo 30, ya wuce jakar kilo 23 da jirgi ya saba yarje wa matafiyi. In ta ruwa ne, kafin ya sauka Legas ya hau mota zuwa Kabi, kuɗin dako da na kwastan da abin da zai fashe a hanya sun cinye amfanin. A saya a gida, amma a zaɓa yadda ake zaɓa a nan.

Garin Sasuwolo da ke lardin Modena, shi da garuruwan da ke kewaye da shi, nan ne cibiyar tayil ta Italiya, kamar yadda Kasteliyon take a Sifaniya. Abin da ya bambanta kasuwarsu da tamu ba kyan kaya ba ne kaɗai. Mu ma ana yin tayil mai kyau a Ajakuta ta jihar Kogi da kuma jihar Ogun. Bambancin shi ne a nan ba a sayen tayil da ido kawai. Kowane samfuri yana da takardarsa mai bayanin yawan ruwan da yake sha, da ƙarfin santsinsa, da juriyarsa ga taku. Mai shago zai fara tambayarka ina za a sa shi kafin ya nuna maka launi. A gida kuwa tambayar farko ita ce, "Na Italiya ne ko na Sin?" Sai a nuna wanda ya fi sheƙi, a ce shi ne babba.

Ga inda nake so ka tsaya da kyau. Banɗakin Bature busasshe ne. Wurin wanka a killace yake da gilashi, ruwa ba ya fita daga ciki. Ko tsarki da ruwa, wanda mutanen Italiya suke yi kamar mu, suna da wani kwanon tangaran na musamman kusa da masai, har dokar gidaje ta 1975 ta sa shi cikin kayan da dole a samu a banɗakin gida. Saboda haka ƙasan banɗakinsu ba ya ganin ruwa sai ranar goge-goge. Namu fa? Wanka da bokiti, buta a hannu, alwala sau biyar, wankin kayan yara, kumfar sabulu da maiƙon man shafawa duk a ƙasa ɗaya. Daga asuba zuwa isha'i a jiƙe yake. Tayil ɗin da suke kira na banɗaki a nan, in ka kai shi banɗakin Inna, tarko ka ɗana mata. Abin da ya dace da mu shi ne irin wanda suke sawa a cikin wurin wankan kansa, ko a gefen wurin ninƙaya.

Ana auna santsi iri biyu, duka daga ma'aunin Jamus aka samo su. Na farko shi ne harafin R da lamba, daga R9 zuwa R13. Mutum ne ke taka tayil da takalmi bayan an zuba mai, ana ta karkata shi har ya zame. Na biyu ya fi shafar mu, don da ƙafa ba takalmi ake yin sa, a kan ruwa mai sabulu: A, B, ko C. Mai A ya riƙe ƙafa har karkatar digiri 12, mai B har 18, mai C har 24. Ga banɗakin tsohuwa a nemi R10 mai B a ƙalla, in an samu R11 ya fi. Kada kuma a zarce zuwa R12 ko R13 don neman tsaro. Kaushinsa kamar dutsen niƙa yake, yana riƙe dauɗa da ƙurar hunturu, mai wanke shi zai gaji ya bari.

Na san ba kowane kwali ne a kasuwar Kabi ko Sakkwato zai zo da wannan rubutu ba. To a gwada da hannu. A sayi guda ɗaya tukuna, a ajiye a ƙasa, a zuba ruwa, a goga masa sabulun da ake wanka da shi a gidan, a taka da ƙafa ana dafe da bango. Sannan a sake takawa da silifas ɗin roba wanda gindinsa ya cinye, irin wanda ke ajiye a ƙofar banɗaki. Duk tayil ɗin da kake ganin fuskarka a ciki, a bar shi wa falo ko bango.

Sai maganar shan ruwa. Wanda 'yan kasuwa ke kira fosilen ana gasa shi da wuta mai zafin kusan digiri 1200, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa ba. Tayil ɗin bango kuwa yana shan sama da kashi 10. Gane su ba wuya: a kifa tayil, a ɗiga ruwa a bayansa. In ya tsaya kamar raɓa a kan ganyen gwaza, fosilen ne. In ya shanye nan take ya bar duhu, na bango ne ko mai rauni, kada a yarda a sa shi a ƙasa ko da mai shago ya rage kuɗi.

Girma ma abin dubawa ne. Yanzu yayin manyan tayil ake yi, a nan da can, amma ƙaramin banɗaki mai rariya a tsakiya ba ya son su. Dole ƙasa ta gangara zuwa rariya ta kowane ɓangare, babban tayil kuma ba ya lanƙwasa, sai dai a yanka shi a karkace ko a bar kwari inda ruwa zai kwanta. Mai 30 da 30 ko ƙasa da haka ya fi bin gangara, kuma yawan layukan tsakaninsa na ƙara riƙe ƙafa. A nan in suna son babba sai su sa doguwar rariya a gindin bango ɗaya, ƙasar duka ta gangara gefe guda. In an samu irinta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, madalla.

Lissafi: ka ce ɗakin mita 2 ne da mita 1 da rabi, murabba'in mita 3 ke nan. Tayil mai 30 da 30 guda 34 zai rufe shi. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 38, sannan a ajiye biyar ko shida a ɗaki don ranar da za a fasa a gyara bututu. A duba gefen kowane kwali. A na Italiya za ka ga kalmomi biyu, tono da calibro, wato lambar launi da lambar girma. Tayil ɗin da aka gasa a zubi ɗaya ba ya fitowa daidai da na wani zubin, ko da sunan samfurin ɗaya ne. In lambobin sun bambanta, za ka ga launi biyu a ƙasa bayan an gama, layuka kuma su ƙi haɗuwa. A buɗe kwalayen a shago, a haɗa tayil biyu fuska da fuska. In suna rawa ko haske na wucewa tsakani, a bauɗe suke. Ko a nan da doka ta ba mai saye garantin shekara biyu, ba a karɓar ƙorafi a kan aibin da ido ke gani bayan an riga an manna.

Yaya, abin da ya fi ɓata aiki a gida ba tayil ba ne, abin da ke ƙarƙashinsa ne. Masu sa tayil namu sun saba jiƙa shi a baho, su zuba yashi da siminti, su kwarara ruwan siminti, su ɗora. Wannan na yi da tayil mai shan ruwa, don yana tsotsar simintin ya kama. Fosilen ba ya sha, saboda haka ba ya kamawa. Bayan 'yan watanni sai ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ƙwarya, daga nan ya ɗago ko ya tsage. Shi gam ɗin tayil yake so, wanda ke zuwa a buhu kamar siminti, mai alamar C2 a jiki. Ba a jiƙa tayil in da gam za a sa. Ana shimfiɗa gam ɗin da cokalin gini mai haƙora, na milimita 8 ga mai 30 da 30, a ja layukan gefe ɗaya, a shafa kaɗan a bayan tayil, a danna, a daddaka da gudumar roba. Buhu mai kilo 25 ya ishi ƙasan wannan banɗaki. In ka ga mai aiki yana ɗora dunƙule biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, ka tsayar da shi. Ramin da ya bari ruwa ne zai cika shi, wari ya taso, kyankyasai su samu gida. Ka sa ya ɗaga guda ɗaya da ya manna, ka ga ko bayansa ya cika da gam.

Zafin Kabi kuma yana da nasa hukunci. Yawancin buhunan an rubuta kada a yi aiki da su sama da digiri 35, minti 20 zuwa 30 da suke bayarwa kafin gam ya yi fata kuma a sanyin digiri 23 aka auna. A zafin watan Afrilu a gida gam ba zai kai waɗannan mintocin ba. A fara da sassafe, a kwaɓa kaɗan-kaɗan, ruwan kwaɓi kada ya zama na tankin da ya kwana ya wuni a rana. In an taɓa da yatsa bai manne ba, a kankare a zuba sabo, kada a yayyafa masa ruwa.

Kafin duk wannan, daɓe. A yi masa gangara ta santimita 1 da rabi zuwa 2 a kowace mita zuwa rariya, a auna da lebur, sannan a zuba bokitin ruwa a ga inda ya nufa. Ƙasan banɗaki ta sauka ƙasa da ta ɗaki da kamar santimita 2, ko a yi ɗan dokin ƙofa marar tsawo wanda Inna ba za ta yi tuntuɓe da shi ba. A bar daɓen ya bushe. Ƙa'idar nan mako guda ce ga kowace santimita ta kauri. Sai abin da kusan ba ma yi a gida, su kuma ba sa tsallake shi a wurin wanka: maganin hana ruwa ratsawa. Ana shafa shi kamar fenti mai kauri, sau biyu, a ƙasa duka, ya hau bango santimita 20, a wurin wanka kuwa ya wuce tsawon mutum, a liƙa ƙyallensa a kusurwoyi da bakin rariya. Tayil da abin cike layi ba sa tare ruwa gaba ɗaya. Wannan shi ne dalilin da kake ganin bangon ɗakin da ke jingine da banɗaki yana kumbura, fenti na ɓarewa, farar kanwa na fitowa a gindinsa. In an shafa ya bushe, a toshe rariya, a cika ƙasa da ruwa kamar yatsa biyu, a bar shi awa 24 a duba bayan bangon.

Kada a haɗe tayil baki da baki don a ce ya fi kyau. A bar milimita 2 zuwa 3 da 'yan robobin nan masu siffar giciye. Washegari a cike layin da garin cikewa na buhu, mai launin toka. Farin siminti yana tsagewa, kuma lalle da ruwan rijiyar burtsatse ba sa barin fari ya daɗe da farinsa. Inda ƙasa ta haɗu da bango silikon ake sawa, don shi yana bin motsi. A gaya wa yara kada su wanke ƙasan da ruwan wanke masai mai ƙarfi, yana cinye abin cike layin.

Ta wani gefen ku kun fi mu sauƙi. A nan kuɗin mai aiki sau da yawa ya fi na tayil ɗin kansa, kuma sai ka jira makonni kafin ya zo. A gida yau ka kira gobe yana ƙofa. To a yi ciniki da shi a kan aiki mai kyau, ba a kan ya gama a wuni ɗaya ba, kuma a riƙe wani abu daga kuɗinsa sai an zuba ruwa an ga ya tafi rariya bai kwanta ko'ina ba. Tun da za a fasa, a kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da masai, a gina ɗan dakali inda Inna za ta zauna ta yi alwala.

In ka je shago, ka ɗauki hoton gefen kwalin da bayan tayil ɗin ka turo ta WhatsApp kafin ka biya. A gaishe da Inna, a ce ta sa mu a addu'a. Wassalam.