MTN 94: fentin feshi mai biyayya, amma sai an gyara masa bango

Kada sunan ya ruɗe ka, wannan MTN ɗin ba shi da alaƙa da kamfanin waya. Taƙaita sunan Montana Colors ne, kamfanin fenti da aka kafa a Basalona ta ƙasar Sifen a 1994, kuma daga shekarar ce gwangwanin ya samo lambarsa ta 94. Akwai wani kamfanin daban a Jamus mai suna Montana Cans, shi ke yin Montana Gold da Montana Black. Masu saye kan haɗa su, alhali kowa da nasa.

Gwangwanin na ɗaukar mililita 400, launukansa sun haura 200, yana bushewa da wuri, kuma ba ya ƙyalli. Rashin ƙyallin nan abin so ne ga zanen da zai sha rana, don ba ya kashe ido, yana kuma fita tsaf a hoto. Amma babban abin da ya sa masu zanen bango ke riƙe da shi shi ne fitarsa a hankali. Iskar da ke ciki ba ta da ƙarfin turi sosai, saboda haka yatsa ne ke mulki: ka danna kaɗan ka ja layi siriri kamar na alƙalami, ka ƙara dannawa ya buɗe. Wajen zana ido, leɓe, inuwar fuska ko rubutu mai lanƙwasa, da wuya a samu na biyunsa.

Wannan natsuwar ita ce kuma aibinsa idan fili ya yi faɗi. A kan bango mai santsi, gwangwani ɗaya ba ya wuce murabba'in mita 2 zuwa 3. Ɗauki bango mai tsawon mita 6 da tsayin mita 3, wato murabba'in mita 18. Shafi ɗaya kawai zai ci gwangwani bakwai ko takwas, shafi biyu kusan goma sha biyar, tun ba a fara zanen ba. Asarar kuɗi ce. Lita 4 ta fentin ruwa na waje da rola za su yi maka shafi biyun nan, ka adana gwangwanin don zanen kansa.

A ƙaramin gari wannan lissafi ya fi muhimmanci, domin babu shagon da za ka ruga idan shuɗi ya ƙare ana tsakiyar aiki. Jirgin sama kuma ba ya ɗaukar fentin feshi, ko a jakar hannu ko a babbar jaka, saboda yana kama wuta. Sai dai a saya a babban birni mafi kusa a tafi da shi a mota. Baƙi da fari su ke fara ƙarewa, a ninka su. A riƙe kawunan feshi aƙalla ashirin, sirara da masu faɗi, don kai na toshewa tun gwangwani bai yi rabi ba. Kada kuma a bar kwalin gwangwanayen a but ɗin mota da rana tsaka. Gargaɗin da ke jikin gwangwani ya ce kada zafi ya wuce digiri 50, mota a rufe kuwa tana iya kaiwa can.

Sai maganar bango, inda aka fi yin kuka da fenti alhali ba laifinsa ba ne. Ƙauyen Erriadh da ke tsibirin Jerba a Tunisiya ya isa misali. A 2014 Mehdi Ben Cheikh na gidan zane na Itinerrance da ke Paris ya tara masu zane kusan 150 daga ƙasashe kusan 30, suka yi zane wajen 250 a bangayen garin, aikin da aka sa wa suna Djerbahood. Gidajen can farar ƙasa ake shafa musu, ga rana, ga iskar teku mai gishiri. Cikin 'yan shekaru da yawa daga zanukan suka koɗe ko suka ɓamɓare. Farar ƙasa gari take yi, fentin feshi kuwa fata ce siririya da ke kwanciya a kan abin da ta tarar. In garin ya saki bango, da zanen zai tafi.

Gwajin ba wuya. Shafa tafin hannu a bangon. In ya fito fari fat, bai shirya ba. A kankare da buroshin waya, a share ƙurar, a wanke, a bari ya bushe sarai, sannan a shafa fentin share fage mai kama gari kafin komai. Sabon shafen siminti a ba shi kwana 28, in ba haka ba gishirin cikinsa zai taso ya tura fentin. Bangon da ƙasansa ke jiƙe da danshi kuwa, a ɗaga zanen sama da inda alamar ruwan ta tsaya. Bangon laka tsura yana shanye fenti kamar soso, sai dai a haƙura ko a nemi wanda aka yi wa shafe.

Wajen fesawa, a girgiza gwangwani minti biyu cur bayan an fara jin ƙarar ƙwallon ciki. Wanda ya yi gaggawa zai ga launi ya fito tsararo, daga baya kaurin da ya kwanta a ƙasa ya toshe kai. Feshin farko a yi shi a kan kwali. Don cike fili a ja baya kamar taƙi ɗaya daga bango, don layi a matso dab, hannu kuma kada ya tsaya wuri ɗaya, tsayawar ce ke sa fenti dalala. An gama da launi, a kifa gwangwanin a fesa har iska zalla ta fito. Rawaya da ruwan lemo ba sa rufe duhu da kyau, sai an shimfiɗa musu fari a ƙasa. Launuka masu walƙiya su ke fara mutuwa a rana, kada a ɗora ginshiƙin zane a kansu. Idan iska na kaɗawa, fitarsa a hankali na sa rabin fentin ya bi iska, don haka sassafe ya fi.

Warinsa ba wasa ba ne, tina ce a ciki. Takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare tururin fentin. A nemi takunkumi mai matatar A2P3, wato wadda ke tare tururin sinadari da ƙurar fenti. Inda yara za su taru, kuma a ƙauye sai sun taru, gara ɗan'uwansa MTN Water Based, mai ƙarancin wari, ko da yake ya fi jinkirin bushewa.

MTN 94 ya fi gwangwanin da ake sayarwa a shagon kayan gini tsada nesa ba kusa ba, kuma ga mai zanen fuska ko rubutu ya ci kuɗinsa. Kafin a buɗe ko ɗaya dai, a nuna wa mai gidan da mai unguwa zanen a takarda su amince, don bangon da aka fesa ba izini, bokitin farar ƙasa ɗaya ya ishe shi washegari.