Shagon littattafan Mama na wajen Old Airport, ga yadda na gan shi

Masu yawan tambaya ina za a samu Littafi Mai Tsarki na Hausa a nan Sakkwato ba sai an aika Jos ko Kaduna ba, to bari in amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Akwai wani ɗan shago can wajen Old Airport, wata dattijuwa ce ke da shi, ƴar Zumuntar Mata ta coci, kowa Mama yake ce mata har masu kabu-kabun bakin layin. Shagon ƙarami ne gaskiya, mutum uku in sun shiga na huɗu sai ya tsaya waje, allon ma rana ta cinye rubutun, in ba ka san wurin ba wucewa za ka yi.

Kayan da ke ciki ba su da yawa amma na amfani ne. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa ƙanana da manya, akwai na Turanci, akwai Littafin Waƙoƙi, littattafan Sande Sukul, kalanda, ambulan na zakka da baiko, sai zanen Zumuntar Mata in lokacin taro ya matso. Mama ta san kayanta kam. Ita ta zaunar da ni ta yi mani bayanin cewa cikakkiyar fassarar Hausa ta farko a 1932 ta fito, aka zo aka sake wata wajen 1979, yanzu kuma ga Sabon Rai Don Kowa da Hausarsa ta fi sauƙi, kuma kafin ta miƙo maka sai ta tambaye ka wanne ake karantawa a majami'arku, don kar ka je ana karatu a bagade kai kana laluben inda aka kai. Wanga kaɗai ya isa in ba ta maki, don wasu wuraren duk wanda hannu ya taɓa shi za a cusa maka.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wanga dogon bayani shi ne halinta na ciniki, ban taɓa ganin mai shago da ke rage wa kanta ciniki da bakinta ba sai ita. Akwai wani Baibul a cikin gilas, bangon fata mai zif, gefen takardun ruwan zinariya, yana ɗaukar ido sosai, kuɗinsa ya ninka na talakan nesa ba kusa ba. Na ce a ciro mani shi. Ta ciro, ta ɗauko mai baƙin bango ta aje kusa da shi, ta buɗe su duka biyu a 1 Timoti sura 6 ta ce “ɗana karanta mani nan, ka karanta nan, ka gaya mani wanne ya fi wani.” Wurin da Bulus ke cewa ibada in ta haɗu da wadar zuci riba ce babba, ba mu zo duniya da komai ba ba kuma za mu fita da komai ba, in akwai abinci da sutura sun ishe mu. Na ce Mama ai duk ɗaya ne. Ta ce to in kyauta za ka yi wa amarya ɗauki mai zif ban hana ba, in na karatu ne ɗauki wannan ka kai wa iyali canjin su yi cefane. Haka fa, ba ta ko yi dariya ba.

Kuma ku lura, shagon babu man shafewa na kwalba, babu hankici mai addu'a, babu sitikar nan mai cewa “shekarata ce” ta mota da gida. Ina nan zaune wani saurayi ya shigo da gani a matse yake, yana neman man da aka ce in ka shafa a takardun neman aiki ko na biza ƙofa za ta buɗe, Mama ta ce ba ta sayar da shi, ta ba shi kujera da ruwan randa, ta tambaye shi sunan ikilisiyarsu da abin da ya karanta, suka yi addu'a gajeruwa, sannan ta ce ya kawo takardun ta nuna wa wata ƴar zumuntarsu da ke koyarwa ko da gurbi a makarantarsu. Ko ya samu ko bai samu ba wannan kuma na Allah ne, amma dai bai bar ko naira a shagon ba, kuma kowa ya san irin waɗannan kwalaben su ke kawo kuɗi yanzu.

Ni a ganina tana da gaskiya, ko da yake na san wasu za su ce tsohon yayi ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, kowa a wuya yake, kuma daidai lokacin ne wa'azin “shuka iri ka girbe mota” ya ƙara kasuwa a waya, mutum bai biya kuɗin haya ba amma ya tura wa mai wa'azi na iri, in shekara ta juyo babu motar sai ya fara zargin bangaskiyarsa ko ya ce maƙiya ne. Alhali Yesu da kansa a Luka 12:15 ya ja kunne a kan haɗama, ya ce ran mutum ba a yawan kayansa yake ba, ya bi da misalin mai arzikin da ya ce zai rushe rumbunansa don ya gina manya a daren kuma aka karɓi ransa. Bulus da ya ce ya koyi zama da wadar zuci a ƙoshi da yunwa, a Filibiyawa 4, daga kurkuku ya rubuto. Ayar nan ta 13 da muke mannawa a bayan mota, wai zan iya komai ta wurin mai ƙarfafa ni, ku koma ku karanta daga aya 11 ku ga a kan me yake magana, kan jure rashi ne da iya riƙe samu. Ba wai talauci abin so ba ne, ita Mamar ma ai kasuwanci take kuma ba ta yafe bashi haka kawai, tana da littafin da take rubuta masu biya kaɗan-kaɗan kuma za ta tuna maka ko a bakin coci ne. Addu'ar Agur a Karin Magana 30 ita ta fi kama da tsarinta, kar a ba ni talauci kar a ba ni dukiya, a ba ni abin da zai ishe ni.

To sai inda shagon ya gaza, don ba zan ɓoye ba. Zafi. Rufin kwano ne babu silin, a watan Afrilu da Sakkwato ke haura digiri 40 shiga ciki kamar tanderun gurasa, fanka ɗaya ce ita ma sai da wuta, ku je da safe ko bayan la'asar. Da hunturu kuma ƙura ke hawa kan littattafan, ka duba bango da kyau kafin ka biya. Babu POS, tiransifa kuma sai jikanta yana nan don shi ke duba alat, in ya tafi makaranta sai ka nemi mai POS a bakin titi ka ciro. Littattafan yara na Hausa kusan babu, ƴan kaɗan ɗin da ke akwai na Turanci ne, wannan ya dame ni don yaranmu na tasowa suna jin Hausa a coci amma ba su iya karanta ta ba. Farashi ma ba ya zama wuri ɗaya, ta ce daga waje ake bugo yawancinsu dala ke jan su, don haka kar wani ya riƙe kuɗin bara ya je yana musu da tsohuwa.

Wani abu da mutane ba su sani ba, jikan yana loda Sabon Alkawari na sauti da Hausa a memori, a sa a ƙaramar rediyo ko waya mai madannai, ga tsofaffin da ido ya yi rauni ko waɗanda ba su yi boko ba wannan ya fi komai, kuɗin memorin kawai za ka biya. Baibul mai manyan baƙaƙe kuma ba kullum ake samu ba, sai ka ba da suna ta haɗa da odar ta ta gaba, yakan ɗan ɗauki lokaci.

Ran Lahadi a rufe yake, ran Laraba kuma da wuri take tashi saboda addu'ar tsakiyar mako, in ka zo ka tarar ta sa kwaɗo to sai gobe, ko nawa ka riƙo ba za ta buɗe ba.