Fetur da Omo ko Ruwan Cire Maiƙo: Da Wanne Za a Wanke Injin Mota?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya kawo tambaya game da motarsa, Corolla ƙirar 2010 'yar Kwatano, wadda ya ce baƙin mai ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare a jikin injinta har ba a iya gane launin ƙarfen. Mai wankin motar unguwarsu ya ce masa ya sayo fetur lita ɗaya a haɗa da omo a wanke, sannan a bi da injin feshin ruwa mai ƙarfi. Shi kuwa ya ga gwangwanaye da jarkoki na ruwan cire maiƙo, wanda masu shago ke kira digiriza, a wurin masu sayar da kayan mota, sai ya rasa wanne zai ɗauka, musamman da yake an nuna masa iri biyu kuma kowanne ana ce masa shi ne mai kyau.

Malam, zan jera maka su kusa da juna kamar yadda ka nema, amma gara tun farko ka san inda na tsaya: fetur ba ya cikin lissafi, omo ba aikinsa ba ne, gasar gaskiya tana tsakanin digiriza mai tushen ruwa da digiriza mai tushen mai, kuma ga irin motarka mai tushen ruwan ne ya fi dacewa da mafi yawan aikin.

Mu fara da fetur, tunda shi aka fara ba ka shawara a kai. Babu mai musun cewa yana narka maiƙo nan take, kuma shi ya sa makanikai daga Ƙofar Ruwa har Panteka suka saba da shi. Matsalarsa tana ga tururinsa. Kowane mai yana da zafin da idan ya kai shi yake fara fitar da tururin da tartsatsi zai iya kunnawa, kuma na fetur yana wajen digiri 40 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wato ko a tsakiyar sanyin Jos a shirye yake ya kama. Tururin nan ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi a ƙasa ya bi kwata ya shiga ƙarƙashin motocin da ke kusa, har ya tarar da guntun taba ko garwashin mai shayi ko tartsatsin mai walda. A cikin ɗakin injin kansa ma akwai abin kunna shi, domin sifana ɗaya da ta taɓa kan batir ta isa. Bayan haɗarin wuta, fetur yana ɗauke da sinadarin benzin wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa, kuma yana ratsa fata. Ko ta fuskar kuɗi ma, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, hujjar cewa ya fi araha ta yi rauni ƙwarai.

Kananzir da gas sun fi shi dama, amma ba kamar yadda ake zato ba. Kananzir yana fara fitar da tururin da ke kamawa daga wajen digiri 38, gas kuwa daga wajen 52. Wanda ya san ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ya san cewa kananzir a irin wannan lokaci ya riga ya ƙetare iyakarsa tun kafin ya taɓa inji. Ina ganin amfaninsu a wuri ɗaya kawai, wato idan an kwance wani ƙarfe daga jikin mota an sa shi a kwano za a wanke shi da buroshi, nesa da wuta. Idan aka watsa su a kan injin da ke haɗe, sai su bar wani siririn maiƙo wanda ƙura ke mannewa a kai cikin kwana biyu, sannan su jiƙa robobi. Tiyon lagireto da bel ɗin inji na motocin zamani ana yin su ne da wata irin roba mai jure zafi da ruwa amma mara jure mai, idan ta sha mai sai ta kumbura ta yi laushi, kuma ba ranar za a ga illar ba, sai wata rana a kan hanyar Zariya tiyo ya fashe a rasa dalili.

Omo kuwa an yi shi ne domin dauɗar tufafi. Yana ɗauke ƙura da maiƙo mara kauri, amma ba ya iya huda baƙin man da ya shekara yana gasuwa, shi ya sa mai wanki yake neman fetur ya taimaka masa. Abin da ya fi damuna da shi shi ne farin gishirin da yake bari a lunguna da cikin soket ɗin wayoyi idan ya bushe, wanda ke jawo laima ya haifar da tsatsa a hankali.

Ya kamata a yi wa masu wannan al'ada adalci, domin ba daga sama ta faɗo ba. Ta samo asali ne tun zamanin motoci irin su Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna daga 1975, motar da gangar injinta baƙin ƙarfe ne, mai kafireto, wadda wayoyinta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Idan ruwa ya shiga inda bai kamata ba, a buɗe a goge da tsumma a tayar. Injin Corollarka alminiyam ne sama da ƙasa, kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kansa, ga na'urorin auna iska da zafi da hayaƙi kowacce da soket ɗinta. Hannun da ya saba da waccan bai kamata a sake masa wannan ba tare da sharaɗi ba.

Yanzu ga ainihin biyun da aka nuna maka. Mai tushen mai yawanci a gwangwanin feshi yake zuwa, yana da warin da ya yi kama da na kananzir, kuma a zahiri ɗan'uwan kananzir ɗin ne, sai dai an haɗa shi da sinadarin da ke sa mai ya gauraya da ruwa, ta yadda idan aka ɗauraye zai koma fari kamar madara ya tafi da dauɗar gaba ɗaya maimakon ya zauna. Wannan shi ne fifikonsa a kan kananzir tsagwaronsa. A wajen ƙarfi babu abin da ya kai shi idan maiƙo ya yi kauri ya zama kamar kwalta, irin wanda ake samu a ƙasan inji da jikin giya. Amma yana kamawa da wuta, yana da tururi mai sa jiri a rufaffen wuri, bai dace da roba da fenti ba idan ya daɗe a kansu, kuma gwangwaninsa ba a barinsa cikin motar da ke ajiye a rana, domin yawancinsu an rubuta kada zafinsu ya wuce digiri 50.

Mai tushen ruwa a jarka ko kwalbar feshi yake zuwa, wani a shirye, wani kuma sai an sirka shi da ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa. Ba narka maiƙo yake yi kamar mai ba, ɓamɓaro shi yake yi daga jikin ƙarfe ya riƙe shi a cikin ruwa, don haka yana buƙatar haƙuri da buroshi, wani lokaci ma sai an maimaita sau biyu. Yawancinsa ba ya kamawa da wuta, warinsa da sauƙi, kuma ya fi tausaya wa roba da wayoyi. Sai dai yana da nasa tarkon, kuma a nan ne mutane suka fi faɗawa saboda sun ji an ce na ruwa ne sun ɗauka ba ya cutarwa. Ƙarfinsa daga jinsin kanwa da toka yake fitowa, kuma masu tsananin ƙarfin cikinsu, waɗanda aka yi domin wanke daɓen masana'anta da manyan injuna, soda ce a cikinsu. Duk matar da ke haɗa sabulu a gida ta san ba a zuba soda a tukunyar alminiyam, domin cinye ta take yi. Haka za ta yi wa injinka, ta bar masa tabo fari ko toka-toka wanda ba ya gogewa. Saboda haka kafin ka biya kuɗi ka juya jarkar ka karanta: idan ka ga an rubuta sodium hydroxide ko caustic, wato sodar nan, ka ajiye ta, ka nemi wadda aka bayyana cewa ba ta yi wa alminiyam illa. Ruwan da aka ɗura a gorar da babu takarda a jikinta kuwa, komai zaƙin bakin mai sayarwa, ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki.

Idan aka ajiye su gefe da gefe, mai tushen mai ya fi sauri da ƙarfi, mai tushen ruwa ya fi aminci da arha tunda ana sirka shi. Da ni ne, zan wanke saman injin da gefunansa da na ruwa, in sayi ƙaramin gwangwani ɗaya na mai domin wuri ɗaya ko biyu a ƙasa da suka ƙi fita. Kada kuma a ruɗe ka da gwangwanin wanke kafireto ko na wanke birki a ce duk ɗaya ne. Na kafireto yana cin fenti da roba, wasu daga cikin na birki kuma suna da sinadarin kulorin wanda idan ya haɗu da zafin walda yake rikiɗewa ya zama iska mai guba.

Amma fa abin da na gani da idona ya nuna mini cewa ruwa ya fi sinadari ɓata mota. Na taɓa kai tawa wani wurin wanki, na tafi sallar la'asar na bar yaron da ita a kan ya wanke jiki kawai, na dawo na tarar ya buɗe bonet yana ta zuba wa injin ruwa da bakin feshin nan kusa-kusa, yana murna ya yi mini gyara. Da na tayar sai ta riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi, fitilar inji ta kama. Da makaniki ya zare kwayil na biyu, sai ga ruwa kwance a ramin fulogi har ana ganin ƙyallinsa, sai da muka tura ta wurin mai faci ya busa ramukan da iska kafin ta dawo daidai. Na yi sa'a abin ya tsaya nan. Irin wannan injin feshi yana tura ruwa da ƙarfin da ya ninka na iskar da ke cikin tayar mota sau da yawa, robar da ke toshe bakin soket kuwa ruwan sama da fantsamar hanya aka yi ta ta tare, ba wannan ba.

Don haka ko wanne ka zaɓa, yadda za a yi aikin ɗaya ne. A kashe mota a bar ta ta huce har ka iya ɗora tafin hannunka a kan injin ka bar shi. Ɗan ɗumi yana taimaka wa na ruwa, amma zafi yana busar da shi kafin ya yi aiki, ga shi kuma bakin salansa yana kaiwa ɗaruruwan digiri, bai kamata mai ko ruwan sanyi ya same shi a haka ba. A cire kan batir na nagatif, tare da sanin cewa agogo da tashoshin rediyo za su goge. A ɗaure altaneta da akwatin fiyus da bakin shigar iska da leda, haka ma ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, idan a ɗakin injin take. A fara share busasshiyar ƙura da ganyaye da buroshi, domin babu amfanin ɓata sinadari a kan ƙasa. Sannan a fesa daga ƙasa zuwa sama, a kauce wa bel, a ba shi minti 3 zuwa 5 a inuwa, a cuɗa da buroshin fenti ko tsohon buroshin haƙori a lunguna, kuma kada a yarda ya bushe a jiki. Ɗauraya da tiyo mara ƙarfi ko ma buta ta wadatar. Mai aikin ya sa safar hannu ta roba da tabarau, domin ɗigo ɗaya na mai jinsin soda a ido ba ƙaramin abu ba ne, idan kuma ya faru a yi ta zuba ruwa mai tsabta na tsawon minti 15 kafin a nufi asibiti. Bayan an gama a busa da iska ko a goge da tsumma, a cire ledojin duka a ƙirga su, a mayar da batir, a tayar da mota a bar ta tana aiki kamar minti 15. Masu mota mai haɗin lantarki irin su Prius su kuwa, wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wuta sama da bolt 200, don haka goge injin da tsumma mai laima ya ishe su, ba sai an zuba ruwa ba.

Idan mai wanki ya kawo shawarar shafa wa injin gas ko baƙin mai domin ya yi ƙyalli, ka ƙi, ƙura kawai zai kira. Ruwan dauɗar ma kada a sake shi cikin kwata inda awaki ke sha kuma rijiyoyi ke kusa. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dusar katako ko yashi ya tsotse, a kwashe a ƙulle a leda.

Saura abu ɗaya da tambayarka ba ta taɓo ba, Malam. Injin da ba ya yoyo ƙura kawai yake tarawa, ba ya yin irin kaurin da ka kwatanta, don haka man nan daga wani wuri yake fitowa, kuma a irin waɗannan injuna an fi samunsa daga gasket ɗin murfin saman inji ko sil ɗin da ya tsufa, wani lokaci kuma mai juyen mai ne yake zubarwa a gefe bai goge ba. Idan injin ya bushe sarai, ka barbaɗa farar hoda a inda kake zargi, ka yi zirga-zirgarka ta kwana biyu ko uku, sannan ka buɗe bonet da safe ka haska da tocila. Inda hodar ta yi baƙi, ka bi sawun zuwa sama har inda ya fara, nan ne za ka nuna wa makaniki.