Gefen jita ya ɗaye, fenti ya ɓantare: wane gam da wane fenti za ka saya?

Hunturu ne ke jawo mana wannan matsala. Daga Disamba zuwa Fabrairu danshin iska a Gusau ko Birnin Kebbi yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali masu ƙera jita sun fi son ta zauna tsakanin 45 da 55. Katako ya bushe ya tsuke, ita ma siririyar robar da ta zagaye bakin jitar tana tsukewa da tsufa, sai ka ga ta saki a ƙugu, inda jikin ya lanƙwasa ciki. 'Yan kwaya na majami'un Zuru da masu kiɗan biki sun san ta sarai, domin ita ce ke kama hannun riga ana tsakiyar kiɗa.

Kada ka sayi komai sai ka san irin fentin ƙyallin da ke jikin jitarka. Iri biyu aka fi samu. Akwai naitiro, wanda Gibson da Martin ke sa wa manyan jitocinsu, akwai kuma foli, mai kauri da tauri, wanda ke kan kusan duk jita mai araha da ke shigowa kasuwanninmu. Gwajin ba wuya. Ka kwance maɗaurin tsirkiya ɗaya, wato abin da ake murɗawa a saita sautinta, ka jiƙa auduga da ruwan goge jan farce mai asiton, ka ɗan taɓa wurin da maɗaurin ke rufewa. In fentin ya yi laushi yana danƙo, naitiro ne. In ko gezau bai yi ba, foli ne.

Sufa gulu shi kowa ke fara ɗaukowa, don ko a teburin mai shago akwai shi. A kan foli ba laifi: yana kama roba da katako gam, yana bushewa nan take. Illarsa ita ce gudu. Ɗigo ɗaya ya zarce, ya gangara gefe, ya bar farin tabo. Saboda haka a manna salatif na takarda sama da ƙasan wurin, a sa gam ɗin a bakin tsinken sakace, a shigar kaɗan-kaɗan. A kan naitiro kuwa ni ba zan kai shi kusa ba, cin fentin yake yi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, bai kai sufa gulu riƙon roba ba, amma shi ne mai sauƙin kai. Wanda ya tsattsafo sai a share da tsumma mai danshi, fenti bai san an yi ba. Sai dai yana son haƙuri. A kankare tsohon gam da bakin reza, a shafa sabo, a ɗaure da salatif guntu-guntu kusa da juna, a bar shi ya kwana. Idan gefen na katako ne, ko jitar mai tsada ce, wannan zan saya. In robar ta tsuke har ta ƙi komawa ƙugu, a ɗumama ta da na'urar busar da gashi daga ɗan nesa har ta yi laushi. Ban da wuta ko garwashi, don tsohuwar roba irin ta seluloid tana kamawa kamar fetur.

Gam irin su Araldite da Evo-Stik a bar su a shago. Na farko in ya kama ya kama ke nan, ranar da aka so sake gyara sai an sha wuya kafin a raba shi da katako. Na biyu yana iya saki idan zafi ya yi yawa.

Sai fenti. Ɓantarewa ƙarama a kan foli da sufa gulu ake cike ta: ɗigo, a bari ya bushe, a ƙara, har ya ɗan ɗara saman fentin. Sannan a naɗe gefuna biyu na reza da salatif, a bar tsakiya, a kankare tudun, a bi da sanfefa jiƙaƙƙiya mai lamba 800, 1200, har 2000, a goge da man gogen mota. Wurin zai yi santsi, amma in ka karkata shi ga haske za ka ga alamar. Naitiro ya fi daɗin gyara, don sabo yana narkewa cikin tsoho su zama ɗaya. Masu fesa kujeru da gadaje suna aiki da irinsa, ka roƙi kaɗan a kwalba da tina, wato ruwan tsinka fenti. Naitiron kuma yana janyewa yayin bushewa, sai an ba shi mako biyu kafin sanfefa ta taɓa shi.

Mai fentin mota zai ce ka kawo a fesa mata gaba ɗaya ta koma sabuwa. A jitar lantarki mai jikin katako guda, wannan ba zai canza sauti sosai ba. A jita mai rami kuwa fuskar ce ke fitar da amo, fenti mai kauri yana danne ta. Jita mai daraja kuma sake mata fenti yana karya farashinta fiye da tabon da ake son ɓoyewa. Idan gefen ya ɗaye fiye da taƙi ɗaya, ko katakon ƙarƙashinsa ya tsage, a nemi wanda ya taɓa gyaran jita ko da sai an aika Kaduna ko Jos, kuma a ce ya nuna wadda ya gyara kafin a miƙa masa.