Kafin ka biya kuɗin jitar lantarki: Stratocaster da sauran

Duk wanda ya tambaye ni wace jitar lantarki zai saya, amsa ɗaya nake ba shi: Stratocaster, ko ta kamfanin Fender ce ko ƙanwarta Squier mai sauƙin kuɗi. Akwai tsofaffin samfura uku da ake jerawa da ita, Telecaster da Les Paul da SG. Zan taɓo su, amma ba zan ɓoye inda zuciyata ta karkata ba.

Leo Fender ne ya fito da ita a 1954 a garin Fullerton na jihar Kaliforniya. Asalinsa mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba, kuma ina ganin shi ya sa ya ƙera abin da ake kwancewa a gyara. Noti huɗu ne ke riƙe da wuyanta, idan ya lalace sai a kwance a ɗaura wani. Fikof ɗinta uku, wato maganaɗisun da ke ɗauko sautin tsirkiya, duk suna manne a farantin roba guda tare da wayoyinsu. Ka cire notocin farantin sai komai ya fito a hannunka, mai gyaran rediyon unguwa ma zai liƙe wayar da ta tsinke da dalma. Ga wanda ke garin da babu ƙwararren mai gyaran jita, wannan ya fi kowane ado.

Sai sautin. Siriri ne, tas, kowace tsirkiya ana jin ta daban ko da yatsu na gudu. Saurari Mdou Moctar na Nijar, bahago ne kuma Stratocaster yake riƙewa, za ka gane abin da nake nufi. Makunninta na zaɓar fikof matsayi biyar gare shi tun 1977, da can uku ne. Na biyu da na huɗu su ne nawa, domin suna haɗa fikof biyu, kuma a yawancin na zamani suna kashe gurnanin nan da ke tashi daga amfilifaya. Gurnanin shi ne babban aibinta, musamman idan da janareta ake aiki ko gidan ba shi da wayar ƙasa. Aibi na biyu sandar lanƙwasa sauti ce, tana yawan ɓata saiti. Buɗe murfin baya, ka ƙara sifirin su zama biyar, ka ɗaure har jakin da tsirkiyoyi ke hawa ya kwanta a jikin katako. Shi ke nan.

Telecaster yayarta ce, ta fito a 1950 da sunan Broadcaster. Tana da ƙwari, amma gefenta ba a sassaƙe yake ba, sai ta riƙa tokarar haƙarƙari. SG kuwa kanta na rinjaya ƙasa da zarar ka sake ta.

Les Paul ta kamfanin Gibson, ta 1952, ita ce mai ruɗin ido. Sautinta kauri gare shi, kuma tun 1957 aka sa mata fikof mai naɗi biyu da ba ya gurnani. Tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne, na Fender 25.5, don haka ta fi laushin dannawa. Sai dai takan haura kilo 4, ga wuya da gam aka manne shi, ga kai a karkace baya. Ta zame daga jikin bango sau ɗaya, kan na iya karyewa, daga nan sai neman wanda zai ɗora.

Ni yanzu wuya nake fara dubawa kafin suna, kafin fenti, kafin komai. Wani mai kayan gwanjo ya taɓa sayar mini da jita yana rantsuwa lafiyarta ƙalau. Da hunturu ya kama katako ya bushe, wuyan ya lanƙwashe, na sa makulli in juya sandar ƙarfen da ke cikinsa sai na ji tana zagaya a banza. Ashe tun tuni ta karye, kuma ya sani. Saboda haka ka ce wa mai kaya ya juya sandar kaɗan a gabanka, dama da hagu. In ya fara kame-kame, kama gabanka. Ka ɗaga jitar saitin ido ka leƙa daga kai zuwa gindi. Ɗan lanƙwasa kaɗan daidai ne, amma murɗewa gefe ba ta da magani. Ka shafa gefen wuyan da tafin hannu ko ƙarafunan da ke raba gurabensa sun fito suna yanka, sannan ka danna kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya ka ji ko akwai inda sauti ke mutuwa.

Yanzu ga inda ake cin mutane. Squier ta Fender ce, Epiphone ta Gibson ce tun 1957, su ne masu sauƙin kuɗi na kamfanonin biyu, kuma babu abin kunya a cikinsu. Squier mai lafiya ko Yamaha Pacifica 112 ta ishi mai koyo shekaru. Ɓarnar ita ce a kankare tambarin Squier a manna na Fender a ninka kuɗi. Ka karkata kan jitar a hasken rana, sau da yawa za ka ga inuwar tsohon rubutu, ko wurin ya fi sauran katakon haske. Fender ta Amurka a Corona ake yin ta, ta Meziko a Ensenada, kuma lambar da kamfani ke buga wa kowace jita, a na Meziko na kwanan nan, da MX take farawa. Lamba ita kaɗai ba hujja ba ce, domin ’yan damfara kan kwafo ta gaske daga hoton intanet su buga a jita goma. Idan lambar ta ce Amurka amma wayoyin ciki sirara ne, an yi musu liƙin ganganci, to ka san inda aka dosa.

Jabun Les Paul sun fi yawa, sun kuma fi kyan gani a hoto. Dubi ɗan murfin da ke kan jitar, wanda ya rufe bakin sandar wuya. Na Gibson noti biyu gare shi, na jabu galibi uku. Ka sa a buɗe: ta Gibson tana da kan noti da ake kamawa ta waje, jabu kuwa rami ne na makullin alan. Duk Gibson ta lantarki a Amurka ake ƙera ta, don haka wanda ya ce maka tasa “Gibson ce ta kamfaninsu na Chaina” ya riga ya faɗa maka gaskiya bai sani ba. Akwati mai tambari da takardar shaida kada su ruɗe ka, su ma bugawa ake yi. Masu sa hoto a Facebook ko WhatsApp su ce turo kafin alƙalami a sako maka a mota, wannan cinikin biri a sama ne. In ba za ka iya zuwa ba, tura wanda ya iya kiɗa ya jona ta a amfilifaya, ya juya kowane maɓalli, ya girgiza wayar a bakin jonawa ya ji ko tana ƙarƙara.

Ka kuma rage kuɗin amfilifaya da sabbin tsirkiyoyi, mai koyo ya fara da sirara masu lamba 9. Idan amfilifayar gwanjo ce daga Amurka, karanta bayanta tukuna. Yawancinsu na wuta 120 ne, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, sai da taransifoma mai rage wuta za ka jona ta.